Jar riga, farar tuta: kurakuran da aka fi yi a kacici-kacici kan yaƙe-yaƙen Kanada na dā

Duk mai shirya gasar kacici-kacici, a makaranta ne ko a gidan rediyo ko a zauren WhatsApp, ya san lokacin da tambayoyin gida ke ƙarewa a koma na ƙetare. Nan ne ake kwaso tambaya daga intanet a juye ta yadda take, ba a tace ba. Tarihin Kanada na cikin waɗanda suka fi shan wuya a hannunmu. Kanada ta yau ce kawai a idonmu: tuta ja da fari mai ganye a tsakiya, da 'yan sanda masu jar riga bisa dawaki. Sai mu ɗauki wannan hoto mu liƙa wa mutanen da suka riga mu gidan gaskiya shekara ɗari biyu kafin a zana shi. Kusan duk kuskuren da zan kawo, nan ne mafarinsa.

"Sojojin Kanada" tun ba a yi Kanada ba

Za ka ji an ce: "Wane yaƙi sojojin Kanada suka ci a 1759?" Tambayar ta lalace tun ba a amsa ta ba. Tarayyar Kanada ta kafu ne ranar 1 ga Yuli, 1867. Tamkar ka ce sojojin Najeriya ne suka yi yaƙin Tafkin Kwatto a 1804. A 1759 Ingila da Faransa ne ke kokawa a kan ƙasar, kowacce da abokanta cikin ƙabilun asali. Waɗanda ake kira Kanadawa a wancan zamani kuwa manoma ne masu jin Faransanci a bakin kogin Saint Lawrence, kuma 'yan sa-kansu na ɓangaren da ya sha kashi. Gyaran ba wuya: kafin ka rubuta "Kanada", dubi shekarar. In ba ta kai 1867 ba, ambaci sarautar da sojan ke wa aiki, ko sunan rundunarsa.

A kan hanya kuma, a daina rubuta "jajayen Indiyawa". Mutanen ba jajaye ba ne, ba kuma Indiyawa ba. Suna da sunayensu: Mohawk, Wendat, Mi'kmaq, Shawnee. Wanda ya san jagoran yaƙin nan Tecumseh ɗan Shawnee ne ya fi cancantar maki.

Filin Abraham

Yaƙin Filin Abraham, wanda Ingila da Faransa suka gwabza a kan birnin Kebek, shi ne gagarau a kacici-kacici, kuma kuskure uku ake tafkawa a kansa. Na farko ya fi kama mu: da an ji Abraham sai hankali ya tafi ga Annabi Ibrahim, alaihissalam. Ko kusa. Filin ya ci sunan Abraham Martin ne, wani mai jagorar jiragen ruwa a kogin, wanda ya mallaki fili a wajen tun ƙarni na 17.

Na biyu, a ce janar-janar ɗin biyu, Wolfe na Ingila da Montcalm na Faransa, sun mutu rana ɗaya. Cikin dare sojojin James Wolfe suka hau gangaren dutse daga bakin kogi, gari na wayewa ranar 13 ga Satumba, 1759 sai Montcalm ya gan su a jere a bayan ganuwar Kebek. Turawan Ingila sun ɗura harsashi biyu-biyu a kowace bindiga, suka yi shiru har Faransawa suka matso daf, sannan suka buɗe wuta. Ba a kai rabin awa ba aka gama. Wolfe ya cika nan fagen daga. Montcalm kuwa an shigar da shi gari da rauni, sai da asubahin 14 ga wata rai ya yi halinsa.

Na uku ya fi girma, wato a ce da wannan Faransa ta rasa Kanada. Ba ta rasa ba tukuna. Ranar 28 ga Afrilu, 1760, Janar Lévis na Faransa ya dawo ya lallasa James Murray na Ingila a Sainte-Foy, ya kora shi cikin ganuwa ya yi masa ƙawanya. Kowa ya zuba wa kogi ido, ana jiran a ga jirgin wa zai fara bayyana in ƙanƙara ta narke. Na Ingila ne suka iso a watan Mayu. Montreal ta miƙa wuya ranar 8 ga Satumba, 1760, aka rattaba hannu a yarjejeniyar Faris a 1763. Ko a nan ma Faransa ta tsira da ƙananan tsibiran Saint-Pierre da Miquelon, suna hannunta har yau. To wace shekara ce amsa, 1759 ko 1760 ko 1763? Duka ukun na da hujja, don haka mai tambaya ya fayyace: faɗuwar Kebek yake nufi, ko ta Montreal, ko yarjejeniya.

Ja na Ingila, shuɗi na Faransa? A yi hattara

Nan ne aka fi zubar da maki. Shuɗin da muka san Faransawa da shi ya zo ne bayan juyin juya halin 1789, haka ma tutarsu mai shuɗi da fari da ja. Dakarun ƙasa na Montcalm yawancinsu farar riga ce mai ɗan duhun toka a jikinsu, launin naɗin hannun riga da jerin maɓallai ne ke bambanta runduna da runduna. Farar tuta kuma alamar sarkin Faransa ce. Wanda ya ga zanen Faransawa ɗauke da farin ƙyalle ya ce sun sallama, ya yi sauri. Da farar rigar nan suka ci Turawan Ingila a Carillon ranar 8 ga Yuli, 1758, alhali an ninka su kusan sau huɗu. In ma aka koma baya, rundunar Carignan-Salières da sarki Louis na 14 ya turo a 1665, mutum kimanin 1,200, rigarsu ruwan ƙasa ce.

Ɓangaren Ingila ma ba kowa ne ja ba. Masu harba igwa shuɗi suke sawa. Rundunonin da ke yaƙin sari-ka-noƙe cikin daji, irin su Queen's Rangers da Butler's Rangers, kore ne kayansu. Sojojin rundunar Voltigeurs ta Charles de Salaberry, waɗanda suka tare Amurkawa a Châteauguay ranar 26 ga Oktoba, 1813, ruwan toka suke sanye da shi. Wannan yaƙi ma na cikin 'yan kaɗan da in ka ce 'yan ƙasa ne suka ci shi ba ka yi kuskure ba, don 'ya'yan yankin ne da mayaƙan Mohawk suka yi aikin.

Akwai kuma tatsuniyar nan cewa an zaɓi ja ne don ya ɓoye jini. Duk wanda ya taɓa ganin jini a jan ƙyalle ya san baƙi yake komawa, a fili kuwa. Maganar ta marina ce da aljihu. Rinin kurata daga saiwar wani tsiro ake samunsa, ga araha, sai dai yakan koɗe da rana da ruwan sama. Na hafsoshi daga busassun ƙwari ake yi, waɗanda ake kawowa daga Meziko, ja ne jawur kuma da tsada. Sannan a zamanin baƙin albarushi, da an yi harbi biyu hayaƙi ya turnuƙe fili, soja na buƙatar gane nasa fiye da ɓuya daga abokin gaba.

Launi ya taɓa cin yaƙi da kansa. A Detroit, Agustan 1812, lokacin yaƙin Birtaniya da Amurka, Janar Isaac Brock na Ingila ba shi da isassun ƙwararrun sojoji, sai ya raba wa 'yan sa-kai tsofaffin jajayen rigunan dakarun sarki. Tecumseh kuma ya yi ta zagaya da mayaƙansa ta wani sarari cikin itatuwa, su wuce su sake dawowa, har a ga kamar ba su da iyaka. Janar William Hull na Amurka ya hango, gabansa ya faɗi, ya miƙa sansanin da mutum fiye da 2,000 ranar 16 ga wata. Bayan shekara biyu abin ya juya. A Chippawa, ranar 5 ga Yuli, 1814, an rasa shuɗin yadi, sai aka ɗinka wa birged ɗin Winfield Scott na Amurka riguna ruwan toka. Janar Riall na Ingila ya ɗauka 'yan sa-kai ne ya raina su, ashe horarru ne, suka kore shi daga filin.

Yaƙin 1812

"Wa ya ƙona fadar White House?" In amsar da ke takardarka "Kanadawa" ce, goge ta. Sojojin Birtaniya ne ƙarƙashin Janar Robert Ross da Admiral George Cockburn, ranar 24 ga Agusta, 1814, kuma yawancinsu daga yaƙin Napoleon a Turai aka kwaso su ta jirgin ruwa. Alaƙar da ke akwai da Kanada ita ce a Afrilun 1813 Amurkawa sun kama York, wadda ta zama Toronto a 1834, aka ƙona ginin majalisarta. Har sandar majalisa suka yi awon gaba da ita, ba a mayar ba sai 1934.

Ƙanwar wannan kuskure ita ce a ce an shafa wa fadar farin fenti ne don rufe tabon gobara, daga nan ta sami suna. Tun 1798 aka shafe ta da farar ƙasa don kare dutsen ginin daga sanyi, kuma mutane na kiranta farin gida tun kafin gobarar. Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ne ya mayar da sunan na hukuma a 1901.

Brock kuma bai ci yaƙin Queenston Heights da hannunsa ba. Da sassafen 13 ga Oktoba, 1812 aka harbe shi yana hawan tudun a gaban mutanensa. Jar rigarsa na nan a gidan tarihin yaƙi da ke Ottawa, da hudar harsashin a ƙirji. Mayaƙan Mohawk na John Norton da John Brant ne suka riƙe Amurkawa har Roger Sheaffe ya iso da ƙarin dakaru ya ƙarasa aikin da rana.

Abin da na fi jin takaicin rashinsa a tambayoyinmu shi ne labarin Richard Pierpoint. An haife shi wajen 1744 a Bundu, cikin Senegal ta yau, aka kama shi yana saurayi aka sayar. Ya yi yaƙi cikin Butler's Rangers, ya zauna a yankin Niagara yana mai 'yanci. A 1812, yana dattijo ɗan kusan saba'in, ya nemi a kafa rundunar baƙaƙen fata. An kafa, amma aka ɗora Bature, Robert Runchey, a kanta, shi kuwa ya shiga a matsayin kurtu. Suna Queenston Heights ranar da Brock ya faɗi. A 1821 ya roƙi gwamnati ta mai da shi gida Afirka, aka ba shi eka 100 na daji a madadin kuɗin jirgi. Duk mai tunanin Turawa zalla ne suka yi waɗannan yaƙe-yaƙe, ga amsarsa.

Tuta, 'yan sanda da lambar yabo

Tutar ganye an fara ɗaga ta ne ranar 15 ga Fabrairu, 1965, saboda haka ba sojan Kanada da ya yi Yaƙin Duniya na ɗaya ko na biyu a ƙarƙashinta. Tsinin ganyen 11 ne, kuma ba adadin larduna ba ne, larduna 10 ne da yankuna 3. Tutar Birtaniya ta zamanin Wolfe ma ba irin ta yau ba ce, jan gicciyen karkace na Ireland sai 1801 aka ƙara shi.

Masu jar riga bisa doki 'yan sanda ne, ba soja ba. An kafa su a 1873, sunansu na yanzu kuma a 1920 suka samo shi.

Lambar Victoria Cross kuwa, wato lambar jarumta mafi girma ta sojan Birtaniya, ɗan Kanada na farko da ya same ta Alexander Dunn ne, saboda abin da ya yi a Balaclava a 1854. William Hall na Nova Scotia shi ne baƙar fata na farko, a Lucknow a 1857. In aka tambayi launin zaren da aka rataya lambar Hall, kowa zai ce ja mai duhu, ya faɗi. Hall sojan ruwa ne, kuma har zuwa 1918 zaren sojan ruwa shuɗi ne.

Wolseley, daga Red River zuwa Kumasi

Ana yawan cewa Garnet Wolseley, hafsan sojan Ingila, ya ci Louis Riel, jagoran tawayen yankin Red River, da yaƙi. Ko harsashi ɗaya ba su yi musaya ba. Da rundunar Wolseley ta isa sansanin Fort Garry a Agustan 1870, bayan wata da watanni ana jan kwale-kwale ta tafki da daji, Riel ya riga ya fice. Wanda ya murƙushe shi a Batoche a 1885 Frederick Middleton ne, aka kuma rataye Riel a Regina ranar 16 ga Nuwamba ta shekarar.

Sunan Wolseley ba baƙo ba ne ga Hausawan Gana. Shi ne ya shiga Kumasi a Fabrairun 1874, kuma a wannan karo ya tuɓe wa Turawansa jar riga ya sa musu ruwan toka saboda zafi da kurmi, yayin da John Glover ke tahowa ta wajen kogin Volta da dakarun Hausawa. Da aka tura shi ceto Janar Gordon na Ingila, wanda aka yi wa ƙawanya a Kartum ta Sudan, a 1884, sai ya tuna masu tuƙin kwale-kwalen Kanada, ya sa aka ɗauko kusan 400 su haye da jiragensa guraren da Nilu ke gudu kan duwatsu. 'Yan kwangila ne farar hula, kada a rubuta su cikin sojoji. Kartum ta faɗi hannun Mahadi ranar 26 ga Janairu, 1885, kwana biyu kafin jiragen farko su iso.

In kuma ana son tambayar da za ta rufe bakin zaure, a ce wane haifaffen Montreal ne ya mulki Arewacin Najeriya. Percy Girouard ne, wanda ya yi makarantar soja ta Kingston, ya shimfiɗa dogo a hamadar Sudan, ya gaji Lugard a 1907, kuma a zamaninsa aka soma aikin dogon Baro zuwa Kano.