Yadda na gyara allon janaretanmu a Jidda

Sau biyu a wata ɗaya janaretan ɗakin sanyi da nake kula da shi yana mutuwa cikin dare, kowa sai ya ce ai sakacin yaron da ke kwana ne. Wallahi abin ya dame ni, don na san yaron ba ya wasa da aiki.

Na kwana tare da shi, nan na gane. Gejin zafin ruwa yana can ƙasa kusa da gwiwa, na ƙarfin mai yana wani gefen daban, mitar awoyi da ba ta da gaggawa ita ce a saitin ido, ga ƙara ga zafi, mutum sai ya duƙa da tocila kafin ya ga allura ta hau.

Na dawo da zafi, mai da mitar hatz (mai auna saurin bugun wutar lantarki) jere ɗaya daidai ido. Na juya kowane geji yadda in lafiya lau ne allurarsa sama take kallo, na hatz a kan 60 tunda shi ne na Saudiyya. Na manna koren tef a wurin.

Jiya da asuba yaron ya kira ni, "Baba, ɗaya ta karkace." Bel ɗin fanka ne ya saki.