Yadda Ake Tsaftace Zobban Sandar Fatsa

Zobban da ke jere a jikin sandar fatsa, waɗanda zare yake bi ta cikinsu, su ne masunta suka fi mantawa da su, alhali kuwa sau da yawa daga nan tsinkewar zare take farowa. Laka da yashi suna maƙalewa a cikinsu, musamman da damina, kuma idan suka bushe sai su riƙa cin zaren kamar zarto.

Duk lokacin da aka dawo daga ruwa, a ɗauraye sandar da ruwa mai tsabta, a goge kowane zobe da tsohon buroshin haƙori da ɗan sabulu, a kuma mai da hankali ga gindinsa inda aka ɗaure shi, domin a nan tsatsa take fara kamawa. Wanda ya yi kamun kifi a ruwan gishiri kada ya jinkirta wannan wanki ko da kwana 1. Daga nan a tsane ta da ƙyalle, a bar ta ta bushe a inuwa.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne gwajin auduga. A zura 'yar auduga cikin zoben a juya ta; idan ta sarƙe, to tangaran ɗin da ke ciki ya tsage, ko da ido bai gani ba, kuma sauya shi ne kawai mafita. A fara da zoben da ke can ƙarshen sanda, domin shi ya fi shan wahala.

Kada a kankare zobe da wuƙa, kada kuma a rataya ƙugiya a cikinsa.