Yadda za ka natsu idan al'amura sun cakuɗe

Falsafar Sitoyik, wadda wani masani mai suna Zeno ya kafa a birnin Atina na ƙasar Girka wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta raba damuwa gida biyu: abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka.

Ɗauki takarda, ja layi a tsakiya: a hagu rubuta abin da ba ya hannunka, a dama abin da ke hannunka. Mai sayar da albasa a Sakkwato da kasuwa ta karye masa zai rubuta farashi, zafin Afrilu da kuɗin mota a hagu. A dama kuwa: tsince ruɓaɓɓiya, baza sauran a inuwa mai iska, zuwa wurin masu bin sa bashi tun ba su aiko ba. Dama kaɗai ake yi wa aiki. Inda ake tuntuɓe shi ne sanya riba a dama, alhali ƙoƙarin ne naka, sakamakon ba naka ba ne.

Bayan sallar asuba, ɗauki minti 5 ka hango abin da zai iya ɓaci yau, ka tanadi matakin da za ka ɗauka. Kada ka zarce haka, don shiri yakan rikiɗe ya zama zullumi. Da dare tambayi kanka inda ka fusata, da abin da ya tunzura ka.