Darasi na Bakwai: In Rauta Ta Ƙi Ganin Faifan Ajiya

Rauta ita ce na'urar da ke raba intanet a gida ko a shago. Wasu rautoci suna da kafar USB a bayansu. In aka soka filashi ko faifan ajiya a wannan kafa, duk wanda ke kan Wi-Fi ɗin gidan zai iya buɗe abin da ke ciki, da waya ko da kwamfuta. Ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu za ta iya tara lissafin taki da na bashi wuri guda. Magidanci a Jega zai iya zuba hotunan biki da karatun tafsiri, wayarsa ta samu sarari. Sai dai sau da yawa a soka faifai, rauta ta yi biris da shi.

Kafin ka zargi faifan, cire shi ka soka a kwamfuta. In ya buɗe, lafiyarsa lau, matsalar tana wajen rauta.

Fara da wuta, don nan ne aka fi samun cikas. Kafar USB 2.0 a ƙa'ida miliyamfa 500 take bayarwa (miliyamfa ma'aunin wutar lantarki ne). USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, tana ba da 900. Filashi ba ya cin wuta sosai. Faifai mai juyawa kuwa akwai ɗan inji a cikinsa, kuma lokacin tashi ne ya fi jan wuta. Kara shi a kunne. In ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, sau da yawa ƙarancin wuta ne. Gwada kebul gajere mai kauri. In bai yi ba, nemi na'urar raba USB mai cajarta daban. Babban faifai mai inci 3.5 ba ya tashi sai da cajarsa ta bolt 12. Duba cajar rautar ma. Mutane sukan musanya ta asali da wata mai araha ta kasuwa. Intanet zai yi aiki, amma faifai ba zai ƙoshi ba.

In wuta ta wadata kuma shiru, sai a duba tsarin faifan. Kowane faifai yana da irin shirin da aka yi masa, kamar littafin da aka rubuta da boko ko da ajami: wanda bai koyi rubutun ba ba zai karanta ba. Yawancin rautoci suna gane FAT32 da NTFS. Tsofaffi da dama ba sa gane exFAT, alhali manyan filashi na yanzu sukan zo da shi. FAT32 kuma ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, shi ya sa dogon bidiyon biki yake ƙin shiga.

A nan a yi hattara. Galibi sauya tsari sai da fomatin, fomatin kuwa yana share komai. Kwafe kayanka zuwa wani wuri tukuna. Ko mai gyara ne ya ce zai yi, ka tambaye shi: "Malam, ka kwafe mini kayana?"

Wani lokacin rauta ta ga faifan, amma ba a ba ta izinin raba shi ba. Juya rautar, za ka ga lambar shiga a jikinta, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Rubuta ta a burauza, ka sa kalmar sirri, ka nemi sashen USB, ka kunna rabawa. In babu wannan sashe sam, wataƙila kafar ta modem ce ko ta firinta kawai.

Akwai kuma rigimar sabuwar kwamfuta da tsohuwar rauta. Suna magana ta hanyar da ake kira SMB. Tun 2017 Windows 10 ta daina zuwa da SMB1, wato tsohon samfurin wannan hanya, a kunne, saboda ɓarayin intanet suna bi ta nan. In rautarka SMB1 kaɗai ta sani, sabunta manhajarta ya fi a sake buɗe waccan ƙofa.

Ɗauke wuta tsakiyar rubutu yana lalata fayil, don haka rauta mai faifai ta fi son inbata ko batirin sola. Kada ka fizge faifai. Danna wurin cire shi lafiya a shafin rauta, ka jira fitila ta natsu. A bazara zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, to kada ka ɗora faifai a kan rauta, kada ka rufe su da ƙyalle. Da hunturu ka riƙa kaɗe ƙura daga kafar.

Aikin gida: juya rautar gidanku ko ta maƙwabci, ka kwafe lambar shiga a littafinka, ka rubuta launin cikin kafar USB ɗinta. Ka zo da shi aji na gaba.