Yadda ake dasa ikilisiya a ƙasar Waci: abin da na koya a ƙauyukan Vogan

Kakana Bamaguje ne. A gidanmu, can kudancin Katsina, na tashi na tarar da tukunyar tsafi a gindin tsamiya, kuma mahaifina ya sha ba ni labarin ranar da ya karɓi baftisma, yadda 'yan'uwansa suka daina sa hannu a kwano ɗaya da shi. Shi ya sa da aka aike ni aikin bishara cikin mutanen Waci a kudancin Togo, harshen ya yi mini nauyi, amma zukatan mutanen ba su zama mini baƙi ba. Ƙannena masu shirin tafiya can, ga yadda nake ganin ya kamata ku bi.

Fara da sanin ƙasar. Waci, waɗanda masu Faransanci ke rubutawa Ouatchi, suna zaune ne a kudu maso gabashin Togo, wajen Vogan da Tabligbo da Afanyan, har su tsallaka Kogin Mono zuwa Jamhuriyar Benin ta wajen Kome. Harshensu ɗan'uwan Ewe ne da Mina da Fon. Dattawansu za su gaya maka cewa kakanninsu daga Notse suka fito, garin nan mai ganuwa, suna gudun tsananin Sarki Agokoli. Manoma ne na gaske a kan jar ƙasa: masara, rogo, kwakwar manja, ga mata kullum a bakin kasko suna suyar garin rogo. Damina biyu ce a shekara, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba. Kada ka tsara babban taro a lokacin shuka, don ba za ka sami kowa a gida ba. Hanya kuwa mai sauƙi ce: Legas, Seme, Kotono, Hilakonji, ka shiga Aneho, daga nan ka yi arewa. Riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ka canja kuɗinka zuwa sefa.

Abu na biyu, ka cire wa ranka cewa kai ne na farko. Thomas Birch Freeman na Metodis ya zo Aneho tun 1843. 'Yan mishan na Bremen sun fara aiki cikin Ewe a 1847, kuma an gama Littafi Mai Tsarki da harshen Ewe a 1913. Katolika sun sauka Lome a 1892, suna da babban asibiti a Afanyan wanda marasa lafiya ke zuwa daga nesa, har Paparoma John Paul na biyu ya ziyarci Togoville a 1985. Sunan Yesu ba sabo ba ne a kunnen mutanen nan. Abin da za ka tarar shi ne ƙauyuka da unguwannin gona inda vodu, wato gumakan gargajiya da bautarsu, ke riƙe da komai, da kuma mutanen da ke sujada ran Lahadi, ran Litinin su je wurin mai duba. Saboda haka makonka na farko ka kashe shi wajen gaida fastocin da ke yankin. Ka shiga ƙarƙashin ikilisiyar da gwamnati ta san da ita, ka roƙe su su nuna maka inda ba su kai ba, su kuma ba ka mutum ɗaya mai jin harshen. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai harshe. Faransanci zai kai ka ofis da asibiti, amma tsohuwar da ke ɓare rogo ba ta jin sa, kuma ita ce ke riƙe da sirrin gidan. Ba wa kanka aƙalla wata shida kana koyo kafin ka tsaya wa'azi. Mu Hausawa muna da sa'a ɗaya, kunnenmu ya saba da hawa da saukar murya, harshensu kuwa da wannan yake aiki. Muna kuma da tarko ɗaya: zango. A kusan kowace babbar kasuwa za ka ji Hausa, daga mahauta da masu koli da 'yan tireda, kuma kewar gida za ta ja ka wurinsu. Ka gaishe su, ka ci tsire, ka girmama su, amma in ka yini a can harshen Waci ba zai zauna a bakinka ba. Ni kasuwar Vogan ta ranar Jumma'a ce ta zama makarantata. Nakan zauna kusa da masu sayar da manja, in tambayi sunan kowane abu, in rubuta. “Akpe” ita ce na gode. Ka riƙe ta tun ranar farko. A taro ana karanta Littafi da Ewe mutane su gane, amma bayani da addu'a da ta'aziyya su kasance da harshen gida.

Ranar shiga ƙauye kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka tsaya a kowane gida kafin gidan sarki. Za a ba ka wurin zama, a kawo ruwa. Karɓa da hannun dama, ka kurɓa ko kaɗan ne. Kada ka yi gaggawar faɗin abin da ya kawo ka, sai an gama gaisuwa an tambaye ka. Al'ada ce baƙo ya zo da kwalbar barasa, sau da yawa sodabi, wadda ake dafawa daga bammi. Ni ban taɓa kai ta ba. Nakan tura ɗan rakiyata tun kwana ɗaya kafin nan ya bayyana dalili cikin ladabi, sai mu je da lemun kwalba da 'yar gaisuwa a ambulan. Faɗi gaskiyar ko kai wane ne. Kada ka fake da rijiya ko magani alhali ikilisiya kake nufi. Sannan ka tambayi sarki ranakun da ba a kiɗa, wuraren da baƙo ba ya shiga, da dokokin dare, musamman inda akwai Zangbeto masu gadin gari.

Ka san abin da mutane ke tsoro kafin ka buɗe baki. Sun san Mawu, Mahalicci, kuma da wannan suna Littafin Ewe ke kiran Allah. Sai dai a ganinsu yana nesa, masu kusa su ne vodu: Legba da za ka gani a ƙofar gida ko mashigar gari, Hebieso mai tsawa, Sakpata mai ƙasa da cutar agana, ga kakanni da suka rigu. In yaro ya kwanta ciwo, ana zuwa wurin bokono, wato mai duba, ya yi dubansu na gargajiya da ake kira Afa, ya faɗi wanda aka saɓa wa. Tambayar da ke cikin zuciyar mai sauraronka ita ce: in na bar waɗannan, wa zai tsare ni da 'ya'yana? Shi ya sa na fi fara koyarwa da Bisharar Markus, labari ɗaya kowane zama: Yesu da hadari a teku, Yesu da mai aljanu a makabarta, Yesu da 'yar Yayirus. Ba da labarin da baki, ka sa su maimaita, ka tambaye su me suka gani.

Kada ka taɓa kayan tsafin kowa, kada ka ɗauki hotonsu, kada ka zage su a lasifika. Wannan darasi da hawaye na koye shi. Wani baƙon mai wa'azi ya zo mana taron kwana uku, ya zuga wani saurayi ya ɗauko abin da mahaifinsa ke bauta wa ya jefa a wuta. Mai wa'azin ya koma birni, mu muka zauna da abin. An kori yaron daga gida, matan unguwar suka daina zuwa, kuma na daɗe ina sallama a ƙofar dattijon nan ba ya amsawa. Laifina ne da ban tsaya na hana ba. A Ayyukan Manzanni 19:19 masu sihirin Afisa da hannunsu suka kawo littattafansu, nasu na kansu, suka ƙone. Tun daga lokacin na kafa ƙa'ida: abin mutum na kansa kaɗai, da hannunsa, bayan ya yi watanni cikin koyarwa, a gaban dattawan ikilisiya. Abin da ke na dangi, a mayar wa dangi cikin mutunci.

Yanzu ga inda aikin yake tsayawa ko ya rushe. Wanda ya tuba a ƙauyen Waci ba addini kaɗai ya bari ba. Ya taɓa igiyar da ke ɗaure shi da gonar gado, da masu taya shi noma, da masu ɗaukar gawarsa. Jana'iza a can babban al'amari ce, ana tara kuɗi, ana kwana ana kiɗa, dangi na zuwa daga Lome da Kotono. Babu abin da ke firgita dattijo kamar a ce zai mutu ba mai binne shi yadda ya dace. Saboda haka tun kuna mutum goma ku buɗe asusun ciwo da rasuwa, kowa ya riƙa sa ɗan abin da ya samu duk mako, mutum biyu su riƙe, a karanta lissafi a fili. Ku sami ɗan acaba ɗaya amintacce da za a iya tasa da tsakar dare ya kai mara lafiya asibiti. Ciwon farko da ya sami gidan sabon mai bi shi ne jarrabawar. Dangi za su ce vodu ne ya kama shi. A daren nan kada ka aika saƙo. Je da kanka, yi addu'a, kai shi asibiti, zauna a bakin gado har gari ya waye.

In rasuwa ta faru, ka zauna da shugaban dangi tun kafin a haƙa kabari, ku rarrabe abin da ikilisiya za ta yi da abin da ba za ta sa hannu ba. Mu mun ɗauki haƙa, da akwati, da dafa wa baƙi abinci, da waƙoƙin dare. Yankan tsafi da tambayar gawa abin da ya kashe ta kuwa muka ce a yi mana haƙuri. Ka kuma je jana'izar waɗanda ba masu bi ba, ka ba da gudummawarka a rubuta sunanka. Zumunta a ƙafa take. Dattijon nan da ya daina amsa sallamata, a rasuwar ƙanwarsa ya fara yi mini magana, bayan ya ga samarinmu sun yini suna jan ruwa da jera kujeru.

Za ka haɗu da mai mata biyu ko uku yana neman baftisma. Bi tsarin ikilisiyar da ta aiko ka, amma kada ka yarda a kori mace da 'ya'yanta da sunan tuba. Matan da aka taɓa keɓewa a ɗakin vodu, masu tsaga a jiki da sunan da aka raɗa musu a can, suna bukatar wata babbar mace mai bi ta riƙe su kusa, ba fasto namiji ba.

Gini shi ne na ƙarshe. Ku fara a tsakar gidan wanda ya karɓe ku, in kun yi yawa ku kafa rumfar ganyen kwakwa da hannunku. In za a ba ku fili, tabbatar duk masu haƙƙi a cikin dangin sun yarda, a rubuta a gaban sarki da shaidu, don rigimar fili ta yi yawa a kudancin Togo. Waƙa kuma a bar su su tsara tasu da gangunansu. Tsofaffin da suka fito daga vodu su ne suka san wane kiɗa ne na wane gunki, su za su ce wannan a ajiye shi.

Tun shekarar farko ka zaɓi mutum biyu ko uku, manoma masu iyali waɗanda gari ke ganin girmansu, ka riƙa zama da su kowace Asabar kuna shirya darasin gobe, kamar yadda Bulus ya umarci Timoti a 2 Timoti 2:2. Su fara da karatu, sannan addu'a, sannan wa'azi kana zaune a baya. Kada ka sa su a albashin da ke zuwa daga waje, domin ranar da kuɗin ya tsaya aikin ma zai tsaya. Baikon masara da rogo da manja ya isa ya fara riƙe ƙaramar ikilisiya. Idan sun yi wata uku suna bi da sujada, sun kai mara lafiya asibiti ba tare da sun kira ka ba, sun kuma binne mutum ɗaya ba tare da rigima da dangi ba, ka miƙa musu littafin asusu da takardar fili a gaban jama'a. Daga nan ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya raka ka ƙauyen da 'yar'uwarsa ke aure, ku fara da gidan sarki.