Mai zuwa Biyena koyon waƙa, ka kula da maƙogwaronka

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan shawara ce ga duk wanda zai fara karatun horar da murya a Biyena ta ƙasar Ostiriya. Zangon karatu na lokacin sanyi yana farawa 1 ga Oktoba, daidai lokacin da ake fara kunna na'urar ɗumama ɗaki, wannan ƙarfen da ke jikin bango ƙarƙashin taga. Tana busar da iska kamar hunturunmu. Ni a mako na biyu na farka da murya a dushe, maƙogwaro kamar na haɗiyi yashi, ga darasi da malamata ƙarfe tara.

Ga abin da ya cece ni. Kafin ka kwanta, jiƙa tawul ka matse, ka shanya a kan ƙarfen. Da safe za ka same shi ya bushe ƙayau, ruwan ya koma cikin iskar da ka shaƙa. Ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tun safe, don wanda ka sha a bakin ƙofar aji ba zai kai ga tantanin murya a kan lokaci ba. Idan muryar ta dushe, ka yi shiru. Raɗa ma gajiyar da ita take yi, kuma yawan gyaran murya yana ƙara goge ta.

A waje, rufe baki da hanci da mayafi. Ɗakin atisaye kuwa ka kama tun makon farko, don maƙwabta ba sa jure waƙa a gida bayan ƙarfe goma na dare.