Sa'o'in aiki da ƙarfin gwiwa: shawara ga mai fara binciken kimiyya a ƙetare

Wanda ya samu gurbin digiri na uku ko aikin bincike a wata jami'a ta ƙetare yakan isa da niyyar nuna wa waɗanda suka ɗauke shi cewa ba su yi zaɓen tumun dare ba. Niyyar tana da kyau, sai dai ita ce ke sa sabon zuwa ya zama mai buɗe ɗakin gwaje-gwaje da sassafe kuma mai kashe fitila da dare, tun bai fahimci mudun da mutanen wurin suke auna ƙwazo da shi ba.

A ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta ce matsakaicin aiki kada ya wuce sa'o'i 48 a mako, kuma kowane ma'aikaci yana da hutun aƙalla mako 4 a shekara da albashinsa. Faransa ta mayar da makon aiki sa'o'i 35 a shekarar 2000. A Suwidin, inda galibin ɗaliban digiri na uku ma'aikatan jami'a ne masu albashi, iyaye suna raba hutun kwana 480 a kan kowane yaro. A irin waɗannan wurare, idan kuka ƙi ɗaukar hutunku ko kuka riƙa aika saƙon aiki da tsakar dare, abokan aiki sun fi ɗaukar hakan a matsayin rashin tsari. Wannan ba ya nufin babu matsi, domin a Jamus yana ɓoye ne a cikin kwantiragi: dokar 2007 ta ba jami'o'i damar riƙe mai bincike a kan kwantiragin wucin gadi na shekara 6 kafin digiri na uku da wasu 6 bayansa, kuma wanda wa'adinsa ya cika bai samu kujerar dindindin ba sau da yawa sai ya bar fagen.

Amurka daban take. Babu dokar tarayya da ta wajabta hutun shekara mai albashi, kuma dokar 1993 ta hutun iyali mako 12 kawai ta tanada, ba tare da biya ba, ga waɗanda suka cika sharuɗɗanta. Saboda haka rayuwarku ta dogara ne ga halin shugaban ɗakin binciken. Matashin farfesa da ke da kimanin shekara 6 ya tara wallafe-wallafe da kuɗin tallafi kafin a tabbatar masa da kujera, da wuya gaggawarsa ba ta sauka a kan na ƙasa da shi ba. Kafin ku sa hannu, ku tuntuɓi waɗanda suka yi aiki da shi, musamman waɗanda suka riga suka bar wurin, domin su ne bakinsu ya fi sakewa. A Japan kuwa, tashi kafin na gaba ya tashi yana da nauyi a wurare da dama, ko da yake tun 2019 doka ta taƙaita aikin ƙarin lokaci zuwa sa'o'i 45 a wata a yanayi na yau da kullum.

Abin da na ga ya fi cutar da baƙi shi ne amsa "to" ga duk abin da malami ya faɗa. Wanda ya tashi da girmama na gaba yakan ji kunyar cewa aiki ya yi masa yawa, balle kuma idan bizarsa a ɗaure take da wannan aikin. Malamin kuwa yana ɗaukar shirun a matsayin yarda, sai ya ƙara lodi. Tun a makonnin farko ku nemi zama da shi, ku tambaye shi abin da yake sa ran gani a cikin wata 6, da lokutan da lallai ne a same ku a wurin aiki, sannan ku faɗi naku uzurin, ko na ibada ne ko na ɗauko yara daga makaranta, kuma ku bi bayan zaman da ɗan saƙo a rubuce. Idan aka samu saɓani, yawancin manyan jami'o'i suna da jami'in sasanci da ke sauraron koke a asirce.

Ƙarfin gwiwa kuma yakan karye ne idan mutum ya rataya darajar kansa a kan sakamakon gwaji, alhali gwaje-gwajen da ba sa bayar da abin da ake nema sun fi yawa. Masaniyar kimiyya Katalin Karikó ta sha neman tallafi don bincikenta ana hana ta, har aka rage mata matsayi a 1995, amma binciken nan nata ne ya kai ta ga kyautar Nobel a 2023. A wani bincike da mujallar Nature ta yi a 2019 a kan ɗaliban digiri na uku sama da 6,000, kashi 36 cikin ɗari sun ce sun nemi taimako saboda fargaba ko ciwon damuwa da karatun ya jawo musu. Idan barci ya fara ƙaurace muku, ko kuka shafe makonni ba ku da sha'awar aikin da kuka ƙetare teku dominsa, ku je sashen ba da shawara na jami'ar. A mafi yawan wurare kyauta ne ga ɗalibai, kuma abin da kuka faɗa a can ba ya zuwa kunnen malaminku.